Ka Sauka a Jega

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga Bashiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a bisa buhunan albasa. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na direba mai gyangyaɗi, amin.

Ga shi na rubuta sunanka. Tun da aka haife ka ban kira shi ba, don kai ɗan fari ne, sai dai in ce "wanga yaro" ko "ɗan Inna". Yau na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo mini ba. To, mu wuce wurin.

Na ba Ɗanjuma direba takardar, na ce ya miƙa maka da kun bar Aliero. Kada ka cusa ta aljihu ka ce sai an kai Ibadan. Motar ta yi nauyi, tafiyar hawainiya za ta yi, kuma za ku tsaya a Jega a ƙara kaya. Ka karanta kafin nan. Abu ɗaya nake so: ka sauka a Jega, mu je asibiti a duba ƙarfen da ke cikin cinyarka. Duk sauran abin da zan faɗa dalili ne kawai.

Shekaranjiya da ake ɗinkin buhuna, ka je bakin injin ban-ruwa ka naɗe wando har cinya kana wanke laka. Ina zaune gindin rudu, rumbunmu na ajiyar albasa, ina tsince ruɓaɓɓu, ka ɗauka idona yana kan albasa. Na ga tsumman da ka ɗaure, na ga inda ya jiƙe ya yi rawaya, daidai ƙarshen tabon ɗinki. Ko ban gani ba ma, hancina ya riga ya faɗa mini. Wanda ya kwana ya tashi da wannan wari fiye da shekara, ba a ɓoye masa shi da warin albasa. Na kuma ga fankon kafso da ka soke a jikin karan rudu.

Na buɗe baki in tambaye ka, ka san abin da ya fito. A gaban masu lodi na ce, "Kai sakarai, wa yac ce ka ɗamre ƙahwa da tsumman jaki?" Ka ce, "Ƙurji na, Baba, ya ma kusa bushewa." Ka sauke wando ka yi gaba, kuma tafiyar da aka shirya bayan salla wurin kawunka, ka mayar da ita yau. Halina ke nan. Tsoro in ya taso mini daga ciki, kafin ya iso baki ya zama zagi. Shi ya sa na ɗauki biro, shi ba ya ɗaga murya.

Ba ƙurji ba ne, Bashiru. Ni ma haka na kira nawa.

Ka san yadda muka samu ƙarafan nan. Babur ɗaya muka hau, ni ke tuƙi, kai a baya da buhu, muka yi karo da mota wajen Jandutsi. Ni ƙwauri ya karye, kai cinya. Aka yi mana aiki, aka shimfiɗa wa kowa ƙarfe mai ramuka a jikin ƙashi, aka ɗaure da kusoshi. Kai yaro ne, ka miƙe da wuri. Ni ma na miƙe, sai dai wani ɗan wuri a ƙarshen ɗinkina ya ƙi rufewa, yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan.

Ga wautata ta farko. Ni manomin albasa ne, ɗan manomin albasa, sai na yi wa ƙafata irin abin da nake yi wa albasa. Wadda ta jiƙe me muke yi mata? A ɓare ɓawon sama, a shanya ta sha rana, in ta bushe tana ƙas-ƙas a mayar da ita rudu. Haka nake zama da hantsi in miƙe ƙafa a rana, in ɓamɓare ɓawon, in barbaɗa garin kafso, in jira. Bakin ya bushe ya rufe, na ce alhamdu lillahi, na warke. Lokacin dashe ya zo, na shiga fangali ruwa har ƙwauri, ina dasawa ina raha. Abin takaici, ni ne fa mutumin da ke matsa wuyan albasa da babban yatsa, don na san wadda ta fi ƙyalli a waje ita ce wani lokaci cikinta ya zama kunu. Na san wannan a kan albasa, ban san shi a kan ƙafata ba. Ba a gama dashe ba wurin ya kumbura, ya yi zafi kamar an kara garwashi, masassara ta kayar da ni, ya fashe a wani sabon wuri kusa da na farko.

Don haka in naka ya bushe gobe, kada ka yi murna. Bakin ciwo irin wannan ƙofa ce kawai. Rufe ƙofa ba ya korar wanda ke cikin ɗaki.

Daga nan na koma ɗan gidan mai kemis. Ba zan faɗi sunansa ba, ka san shi, wurinsa ka sayo naka. Da ya hango ni ina ɗingishi sai ya fara washe baki: "Malam Ummaru, ja da baƙi ko ja da rawaya? Ga wani sabon zuwa, wanga ko jaki yash sha shi sai ya tashi." In sha na 'yan kwanaki, mugunya ta ragu, zafi ya sauka, in daina. Bayan wani lokaci ta dawo, in koma, ya canja mini launi. Ko sau ɗaya bai ce in ɗaga wando ya gani ba. Mutumin da ba zai sayi buhun albasa ba sai an kwance an zazzage masa har gindi, shi ne ke ba da maganin ciwon da bai taɓa kallo ba! Allah ya isa ban ce ba, don ni na kai kaina. Amma in na wuce ƙofar shagon nan har yau sai na ji sanda tana motsi a hannuna.

Abin da ya sa kafso ke yaudara, sai daga baya na gane shi, ina kwance ba aikin fari ba na baƙi, na dinga karatu a waya. Ka san bokona a firamare ya tsaya. Turancin likitoci kuwa kalma ɗaya sai in yini ina juya ta. Amma wanda aka yanke wa ƙafa yana da lokaci, kuma yana son ya san wa ya ci shi. Bari in faɗa maka yadda na fahimta, in na yi kuskure likita ta gyara.

Ka taɓa zura yatsa cikin tiyon ban-ruwa da ya daɗe yana aiki? Ka ji wannan yauƙin mai santsi da ke manne a ciki? Ruwa yana wucewa ta kansa da ƙarfi safe da yamma, bai taɓa wanke shi ba. To wannan ba datti ba ne kawai, gari ne. Ƙwayoyin cuta ne suka sami wurin zama, suka manne, suka fitar da yauƙi daga jikinsu suka lulluɓe kansu da shi. Irinsa ne ke taruwa a haƙori in an kwana biyu ba a yi asuwaki ba. Ƙwayar cuta in tana yawo ita kaɗai cikin jini, abin tausayi ce: dakarun jiki su kama ta, magani ya same ta a fili. Amma in ta dace da ƙarfe, ta sami tudun da ambaliya ba ta kaiwa. Nama yana da jini, jini ke kai magani da dakaru. Ƙarfe ba shi da jijiya ko ɗaya, ba ya jin zafi, ba ya kai ƙara. Duk wanda ya zauna a kansa ya zauna.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne suna magana da juna. Ba da baki ba. Kowace tana sakin wani ɗan sinadari a kewayenta, kuma tana shinshinar na 'yan'uwanta. In su kaɗan ne, abin ya watse, kowa ta yi lamo kamar ba ta nan. In suka yawaita, sinadarin ya yi kauri, kowace ta gane an cika. Ka san ranar gayya: waɗanda suka fara zuwa ba sa taɓa fartanya, sai su zauna a inuwa suna ƙirga kawuna, sai an taru a miƙe gaba ɗaya. Haka suke. Da sun ji an taru sai su canja aiki lokaci guda, su saki dafin da ke cin nama da ƙashi, wasu su ɓalle su je su kafa sabuwar unguwa. Ranar ce kake jin masassara. Kana cewa yau ciwo ya fara, alhali yau aka gama taro ne.

Kafson da kake sha, waɗanda suka fito waje yake kashewa, da na saman yauƙin. Na can ƙasa kuwa, da ƙyar yake isa gare su, kuma wasunsu barci suke yi, ba ci ba motsi, magani kuwa mai motsi ya fi kamawa. Ka daina sha, su farka, su sake cika gari. In ka yi ta yi musu yayyafin magani kaɗan-kaɗan kamar yadda na yi, masu taurin kai ne ke saura, su haifi irinsu. Ni da hannuna na zauna na tsince masu rauni na bar ƙarfafa, kamar mai zaɓen iri.

Kada ka ƙara haɗiyar ko ɗaya. Fankon da ka soke a rudu yana aljihuna, za mu nuna wa likita ta san abin da ka sha, don in za su ɗebi mugunyar su gano wace irin ƙwaya ce, maganin da ke jikinka yana iya ɓoye musu ita.

Yanzu ga babbar, wadda ta ci ƙafar. Duk abin nan da na ce na karanta, an faɗa mini shi tun ƙafata tana jikina. Da abin ya ishe ni na koma asibiti, likitar ƙashi, wata mace mai magana a hankali, ta ɗaga hoton ƙafata ta nuna mini inda ƙashi ya fara yin duhu kewaye da kusoshi. Ta ce, "Malam Umaru, ciwon a jikin ƙarfen yake zaune. Magani kaɗai ba zai fitar da shi ba. Sai mun buɗe, mun cire ƙarfen, mun kankare abin da ya mutu, sannan magani ya yi aiki. In aka yi yanzu, ina sa ran ƙafar za ta tsira." Na ce sai yaushe zan taka? Ta ce ba da wuri ba. Albasata kuwa tana gab da cira.

Na dawo gida na kai maganar majalisa, wurin masana. Kowa ya zama likita. Wani ya ce, "Kak ka yarda, Ummaru. Likita in yag ga wuƙa, hannunai ƙaiƙayi shika yi. Jiya sun sa ƙarhe, yau su hidda ƙarhe, gobe su hidda ƙahwa." Aka yi dariya, har da ni. Yau mutumin nan da ƙafafunsa biyu yake zuwa majalisa, in ya gan ni ya ce, "Sannu Ummaru, ƙaddara ta." Ƙaddara ce, na yarda, amma da bakinsa aka rubuta wani sashe nata, da kunnena aka rubuta sauran.

Na koma wurin likitar ba don in yarda ba, don in yi mata rashin kunya. Na ce, "Ku kunka sa shi, yanzu ku ce shi a cuta? Gwaji kuka yi da mu?" Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ba don ƙarfen ba da ba ka taka ba tun farko. Ya yi aikinsa. Yanzu wasu sun mayar da shi gida." Na tashi na bar ta da hoton a hannu.

Sai na tafi wurin wani tsoho mai ɗori. Ka san garinmu da ɗori, daga nesa ake kawo karaya, kuma na ga waɗanda suka zo a kwance suka koma da ƙafarsu. Tsohon ya kwance tsumman, ya duba, ya kawar da fuska. Ya ce, "Ɗana, karaya nika ɗorawa. Wagga ba karaya ba ta, ruɓa ta. Koma inda anka sa ma shi, kuma kak ka biya gida." Mutum biyu, ɗaya da farar riga ɗaya da rawani, suka faɗa mini magana ɗaya. Na biya gida. Na ce bari a cire albasa. Aka cire, na ce bari a zuba a rudu. Aka zuba, na ce bari ta yi daraja. Manomin albasa gwanin jira ne, duk arzikinmu a jira yake, wanda ya fi haƙuri shi ke dariya. Ban san akwai kayan da jira ba ya ƙara musu komai sai ruɓa ba, ko in ce na sani, na ƙi.

Ranar da aka kai ni a kwance bayan mota, ba na gane mutane. Ciwon ya ci ƙashin, ya fara shiga jini. Da na farfaɗo likitar ta tsaya a kaina ta ce, "Yanzu ba ƙafa muke ceto ba, kai muke ceto." Ban zage ta ba a ranar. Ba ni da ƙarfin zagi.

Shawarar da ke cikin wannan gajera ce. In likita ta ce a buɗe, a buɗe. Kada ka kai ciwonka majalisa, ba wanda zai ara maka ƙafa a cikinsu. Kuma kada ka ce sai kaza ya wuce. Kazan nan ba ya wucewa, wani yake haifa.

Saura ɗaya, ita ce ta fi yi mini ɗaci don kai ta shafa. Tun da aka sallame mu ban taɓa cewa ka nuna mini tabonka ba. Ni da na san abin da ƙarfe ke iya ɓoyewa fiye da kowa a unguwarmu ta Kashin Zama, ina kallonka kana wucewa, in kawar da kai, wai kunyar ɗan fari. Kwanakin baya na lura kana taka ƙafar a karkace in ka ɗauki buhu. Maimakon in kira ka, sai na je wurin Inna, tunda ita ta raine ka, na ce ta duba cinyar yaron nan. Ta ce, "Kai Ummaru, ba ka jin kunya? Ɗan hwari na, mi naka a ciki? Lahiya tai lau, jiya ma shi yaɗ ɗauko man ruwa." Na fito, har ina jin na yi abin kirki, na kiyaye al'ada. Inna uwata ce, ba zan ga laifinta ba, idonta ma ya yi rauni. Amma ni fa? Na iya zagin likita a ofishinta, na kasa ce wa ɗana ɗaga wandonka. Kunyar da za ta bar yaro ya ruɓe a gaban ubansa, ban san sunanta ba, amma ba tarbiyya ba ce. In Allah ya ba ka naka ɗan farin, ka ƙi kiran sunansa in ka ga dama, amma ka dinga duba jikinsa.

Na san abin da ya sa ka ɓoye. Ka ga an shiga da ni da ƙafa biyu an fito da ni da ɗaya, ka ɗauka abin da asibiti ke yi ke nan. A'a. Abin da jinkiri ke yi ke nan. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, ni ba likita ba ne, ban ga cikin cinyarka ba. Amma kai da ƙafarka kake tafiya, masassara ba ta kayar da kai ba tukuna, kuma ƙashinka ya daɗe da kamawa, mai yiwuwa ma ba ya bukatar ƙarfen yanzu. Kana daidai wurin da nake ranar da matar nan ta ce tana sa ran ƙafa za ta tsira. Ni na tashi na fita. Kai kana bisa mota.

Na kuma san kana son tafiyar. Kana son ka bar gidan da uba ke zaune gindin rudu yana yi wa kowa tsawa. Ban ga laifinka ba, ni ma da zan iya barin kaina da na bari. Kasuwar kawunka ba za ta tashi ba, albasa ba za ta ƙare a duniya ba. Amma ka san aikin da ke jiranka can: sauke buhu daga mota, cikin ruwan sama da caɓi, a garin da ba mai kallon tafiyarka balle ya ga ta karkace. Kawunka mutumin kirki ne, sai dai in ka ce masa ƙurji ne zai yarda, ya aika a sayo maka kafso. Wata rana a bugo mini waya.

Ba zan sa a sauke ka da ƙarfi ba. Na yi tunanin haka, Ɗanjuma ma ya ce in na so ba zai tayar da mota da kai ba. Na ce a'a. Wanda aka ja zuwa asibiti da igiya, ranar da aka kwance shi zai gudu, ni shaida ne. Da ƙafarka nake so ka sauko.

Na riga ku fita, na hau motar farko. Ina Jega, a mararraba, inda hanyarku ke karyawa kudu, wurin masu shayi, ɓangaren da ake shiga motar Birnin Kebbi, inda asibitin yake. Ba za ka sha wahalar gane ni ba. Zan zauna har motar ƙarshe ta tashi. In zuciya ta ci ka ka wuce, to akwai Maiyama a gaba, nan ma ana samun motar dawowa, kuma Ɗanjuma zai tsaya in ka buga masa jikin mota. In ka wuce Maiyama, ban yi maka baki ba, ba zan taɓa yi ba. Sai dai in roƙe ka, kafin ka ɗauki buhu ko ɗaya a Ibadan, ka nemi asibitin ƙashi ka ɗaga wandonka.

In kuma ka sauko, ba sai ka gaishe ni ba, ba sai ka ce komai ba. Na yi alkawari ba zan ɗaga murya ba, ko da yake ka san ni, in ta kuɓuce ka yi haƙuri. Ka ji haushina yadda kake so, shekara nawa kake so. Ka dai ji shi a tsaye, da ƙafa biyu.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka a kan hanya ko wace ka ɗauka. Allah ya kashe abin da ke cikin ƙashinka, ya ba likita sa'a, ya sa kunnenka ya fi nawa ji. Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da irin taurin kan ubanka. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Umaru